Kwamfutar Auta a Ɗakin Yaya

A bayan Auta kwamfutar nan ta shigo gidan, cikin jakar makaranta mai igiya ɗaya, amma ko kwana ba ta yi a hannun Auta ba. Abin haushin shi ne ba wanda ya ɗaga murya ran nan. Cikin fara'a aka yi ƙwacen, har da sa albarka.

Baba ya dawo daga shagonsa na kayan gini, ya cire takalma ya miƙe ƙafafu a falo. Auta ta durƙusa ta zaro kwamfutar cike da murna. Ta ce makaranta ta buɗe ajin kodin, inda ake koya wa yara yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. An zaɓi waɗanda suka fi ƙoƙari a lissafi, an ba kowa aron ƙaramar kwamfuta ya riƙa gwadawa a gida. Sharaɗin Malama ɗaya ne, duk ranar aji a zo da ita. Wanda ya riƙa zuwa hannu rabbana za a karɓe gurbinsa a ba wani, don masu jira suna da yawa.

Baba ya juya kwamfutar, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa yadda yake gwada kwanon rufi.

"Madalla, Allah ya yi albarka. Amma abu mai tsada irin wannan ba a bar wa yaro. Kai wa yayanki ya duba lafiyarta."

Yaya ya gama sakandare, jarrabawa ta ƙi, ya zauna zaman kashe wando a ɗakinsa na bakin ƙofa. In baƙi sun tambaya sai Baba ya ce yana neman makaranta. Da hannu ɗaya Yaya ya karɓi kwamfutar, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Yaya, gobe da aji," in ji Auta ga ƙofar.

"Na ji."

Ajin kodin bayan an tashi makaranta ake yi, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Malama 'yar siririya ce mai gilashi, ba ta duka, ba ta zagi, amma in ta kalli yaro sai ya gyara zama. Ranar farko ba ta bari an kunna komai ba. Ta ajiye kofi da buta da gwangwanin sukari a kan tebur, ta ce yau ita ce na'ura, su ba ta umarni ta haɗa shayi.

"Zuba ruwa," in ji wani mai rawar kai daga baya.

Ta ɗaga buta ta tsiyaya ruwan a kan tebur. Aji ya kaure da dariya.

"Ban ji an ce a kofi ba," in ji Malama tana goge hannu. "Ku riƙe wannan. Kwamfuta ba ta da lura, ba ta da tausayi. Abin da ka ce shi take yi. Abin da ka manta ba ka faɗa ba, ba za ta yi ba ko da gida zai ƙone."

Da aka zo kan Auta ta miƙe tana kallon ƙasa. "Ɗauki kofi. Duba ko da datti. In da datti, wanke. In babu, ajiye. Taɓa buta. In ruwan ya huce, mayar kan wuta."

Malama ta cire gilashi. "Wa ya koya miki wannan in da, in babu?"

"Haka ake yi a gida, Malama."

"To rabin kodin kenan kika zo da shi."

Tun da aka haifi Auta ba wanda ya taɓa ce mata aikin gida ilimi ne. Ran nan da gudu ta koma gida, har ta manta tana jin yunwa.

Da farko Yaya yana ba ta kwamfutar ranar aji, yana ɓata rai kamar shi aka ara wa. Sauran ranaku sai ya fita kallon ƙwallo take lallaɓawa ɗakinsa, ta ture tulin kayan dattinsa ta zauna a bakin katifa. Malama ta ce kowa ya ƙirƙiro wani abu mai amfani a gidansu, ita kuwa Auta ba ta daɗe tana tunani ba. Baba yana da hawan jini, yana shan ƙwaya safe da yamma, kuma bai taɓa tunawa da kansa ba. Ita ke kawo masa da kofin ruwa. Ranakun aji tana dawowa lokacin ya wuce, abin yana damunta. Sai ta fara rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa duba agogo, in lokaci ya yi muryarta ta fito: "Baba, sannu da hutawa, lokacin magani ya yi." Ta ɗauki muryar a banɗaki don kada a ji. So take ta gama ta ajiye a gabansa ba zato.

Sai Yaya ya sa wa kwamfutar kalmar sirri.

"Yaya, don Allah buɗe min, yau da aji."

"Aiki nake yi a ciki. Neman makaranta."

Daga bayan ƙofa ƙarar bindigogi ce ke tashi, da ihun mutanen fim. Auta ta ce a ranta, wannan makaranta ta harbi ce. Ta tafi kicin wurin Mama.

Mama tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Yayanki ne. Kin san yadda zuciyarsa take tun da jarrabawar nan ta ƙi. Gara ya zauna a ɗaki da kwamfuta da ya koma bakin titi wurin yaran banza. Tun da ta zo gidan nan hankalina ya kwanta. Ke ai mai haƙuri ce."

"Mama, da sunana aka ba da ita."

"Sunanki da sunansa duk ba ɗaya ba ne? Ungo, wanke min wannan."

Haka ake yi wa mai haƙuri a gida. Duk wanda aka ga zai iya haɗiyewa, shi ake ɗura wa. Mai fushi a lallashe shi, mai haƙuri a ƙara masa kaya, kuma a yaba masa yana ɗauka.

Auta ta fara zuwa aji ba kwamfuta. Ta ce ta manta. Wani ajin ta ce ba caji. Ta riƙa raɓawa kusa da ƙawarta tana leƙen allon wata, yatsunta suna danna tebur kamar da maɓallai a kai. Yara suka wuce ta. Aka koyi yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki, ita tana kallo kamar mai leƙen biki ta taga. Ran nan Malama ta tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Ke ba mai mantuwa ba ce. Ina kwamfutar?"

Auta ta riƙa murza igiyar jaka.

"Ba zan matsa miki ba. Amma shugaban makaranta yana tambaya, kuma akwai yarinyar da ke zuwa kullum ta tsaya a taga tana jiran gurbi. Aji mai zuwa, in ba ki zo da ita ba, ba ni da yadda zan yi."

Washegari da rana Yaya ya fita sayen katin waya ya bar kwamfutar a buɗe. Auta ta yar da tsintsiya ta faɗa ɗakin. Ta duba inda ta ajiye aikinta, ba komai. Ta duba kwandon shara na cikin kwamfutar, wayam. Finafinai ne jere reras, da wasan mota, da hotunan 'yan ƙwallo. Tana cikin dubawa ya dawo.

"Me kike yi a ɗakina?"

"Yaya, ina aikina?"

"Wannan muryar taki da ke katse min fim? Na goge. Ana tsakiyar faɗa sai in ji wai Baba sannu da hutawa. Kamar aljana."

Ta ɗago ta dube shi. "Tana fitowa?"

"Kullum. Safe da yamma, ba fashi."

Ashe ta yi aiki. Abin da ta rubuta da hannunta ya duba agogo, ya kira Baba a kan lokaci, kwana da kwanaki, a ɗakin da Baba ba ya shiga, ga mutumin da bai damu ba. Murna da baƙin ciki suka haɗu mata wuri guda. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ta je bayan gida wurin igiyar shanya.

Da yamma ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa abin da Malama ta ce. Bai rage muryar rediyo ba.

"Ki ce mata an sace a mota. Makaranta ba za ta rushe ba saboda kwamfuta ɗaya."

"Baba, ba a sace ba. Tana ɗakin Yaya."

"Ni za ki faɗa wa inda take? Duk abin da ya shigo ta ƙofar nan ni ke da iko da shi. Shi namiji ne, gobe shi zai riƙe gidan nan, shi ya kamata ya iya kwamfuta. Ajin ma ya isa haka, uwarki tana fama da aiki ke kina can kina wasa da maɓallai. Abin da aka ce ki yi, shi za ki yi. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba. Abin da aka ce."

Da ya lura da yadda ta faɗi maganar, da ya rage rediyon.

Daga washegari Auta ta zama na'ura. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, ba ta ƙi aike ba. An ce share, ta share. An ce dafa, ta dafa. Abin da ba a ce ba ne ta bari, sai ga shi ashe a kan abin da ba a ce ba gidan yake tsaye.

Famfo ya kawo ruwa da asuba ya ɗauke, ba wanda ya ce a tara, ba ta tara ba. Yaya ya tashi da hantsi ya tarar da duro a bushe. Baba ya zagaye falo yana neman makullin shago, wanda kullum yake samu a kan hularsa bai taɓa tambayar wa ke ajiyewa ba. Aka same shi a aljihun rigar jiya, bayan masu sayen siminti sun gaji da jira sun tafi shagon gaba. Hadari ya haɗo, kaya suna kan igiya, tana tsaye a ƙofar kicin tana kallo ruwa ya jiƙe su tas. Wuta ta ɗauke da magariba, fitila ba caji. Gas ya ƙare ana tsakiyar girki don ba wanda ya girgiza tukunyar ya ji nauyinta.

Yaya ya watso mata wando da riguna ya ce wanke. Ta wanke. Da ya zo ɗauka ya sa hannu a aljihu ya zaro abin sauraronsa na kunne yana ɗigar ruwan sabulu.

"Ba ki duba aljihu ba?"

"Ba ka ce ba, Yaya."

Ya ɗauke ta da mari. Kunnenta ya yi ƙara, idonta ya kawo ruwa, ta tsaya cak ba ta dafe kuncin ba.

"Akwai wani abin da zan yi?" ta ce.

Shi ne ya fara kau da kai.

Wadda abin ya fi faɗa wa Mama ce, kuma wannan ya fi marin yi wa Auta ciwo. Ta ga Mama da ciwon bayanta tana jan jarka daga gidan maƙwabta, hannunta ya yi ta ƙaiƙayi ta karɓa, ta cije ta riƙe gefen zaninta. Mama ta sauke jarkar tana haki, ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Duk wannan ke kike yi dama?"

"Ni nake yi, Mama."

"Ban san ya kai haka ba."

Mama ta dubi ƙofar ɗakin Yaya, inda bindigogi ke ta tashi.

Abu ɗaya ne Auta ta kasa bari. Safe da yamma tana ajiye ƙwaya da kofin ruwa kusa da Baba, ta juya. Ana gobe aji, tana ajiyewa ya riƙe kofin ya dube ta da jajayen idanu.

"Uwarki ta ce wai na'ura kika zama, sai abin da aka ce. To wa ya ce ki kawo magani?"

"Ba wanda ya ce."

"To?"

"Ba wanda zai tuna ne, Baba. Shi ya sa na rubuta a kwamfutar ta riƙa kiranka in ina aji. Ta yi ta kiranka a ɗakin Yaya. Ya ce tana katse masa fim, ya goge."

Baba ya dubi ƙwayar da ke tafin hannunsa. Mai sauraro zai zaci a nan zuciyarsa za ta karaya. Ina. Mutum irin Baba ya fi son ya yi asarar gaskiya da a ce 'yar cikinsa ta gyara masa magana. Ya watsa ƙwayar a baki ya kora da ruwa.

"To sai me? Bai sani ba ne. Gobe ki je ki faɗi abin da na ce, a wuce wurin."

"Ba zan ce an sace ba, Baba."

"Me kika ce?"

"Ba zan ce ba."

Ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama, ya sauke a kan gwiwarsa. "Tashi ki ba ni wuri."

Da safe ta sa kayan makaranta, ta goya jakarta mai igiya ɗaya, ta tura ƙofar Yaya. Yana barci baki buɗe, kwamfutar tana kan cikinsa, fim yana ta yi shi kaɗai. Ta rufe ta, ta zare cajar daga bango, ta naɗe wayar a hankali yadda Malama ta koya musu, ta sa a jaka. Ba ta yi sanɗa ba. Ta tsakiyar falo ta biyo, inda Baba ke shan shayi.

"Mene ne a jakar nan?"

"Kwamfutar makaranta."

"Ajiye ta."

Umarni ne sarai, ba abin da aka manta a ciki. Da na'ura ce da ta ajiye. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, amma ta ƙara riƙe igiyar jakar.

"Aro aka ba ni, Baba. Zan mayar."

Yaya ya fito da gudu ba riga, yana ƙunduma zagi, ya nufo ta. Sai ga Mama ta fito daga kicin da bokiti a hannu. Ba ta dubi Baba ba. Ta shiga tsakanin ɗanta da 'yarta ta dangwara masa bokitin a ƙirji har sai da ya riƙe.

"Famfo ya kawo, je ka tara," ta ce. Ta juyo ga Auta. "Ke kuma za ki makara."

Baba ya ajiye kofi. "In ta fita da ita, kada ta sake shigowa gidan nan da ita."

"To, Baba," in ji Auta. Wannan umarnin ta yarda da shi. Ta fita.

Ba ta jira an tashi ba. Ana fita hutun tara ta sami Malama a ɗakin fanka, ta ajiye kwamfutar a kan tebur, ta faɗi komai tiryan-tiryan, har da ƙaryar da aka ce ta yi. Malama ta saurara, ta dubi kuncin da har yanzu bai gama sacewa ba.

"In zo in ga babanki?"

"A'a, Malama. A kulle ta a kabad ɗin nan kawai. Zan riƙa zuwa lokacin tara."

"Lokacin tara na cin abinci ne."

"Zan ci da hannu ɗaya."

Malama ta cire kalmar sirrin, ta share finafinan da motocin da 'yan ƙwallon duka. Ta tura mata kwamfutar, allon fari fes, ba ko layi ɗaya na aikin da ta sha wahala a kai.

"Daga farko za ki fara. Kin tuna?"

"Yana kaina, Malama. Can bai iya gogewa ba."

Gidaje irin wannan suna da yawa, kuma ba a kiran abin da ake yi a cikinsu sata, don ɓarawon ɗan gida ne, mai ba da izinin kuma uba. Makaranta ta zaɓi yarinya, gida ya sake zaɓe. A ce mata ta yi haƙuri, a ce yayanta ne, a ce namiji ne, daga ƙarshe a aike ta ta yi ƙarya da bakinta don a rufe abin. Shekaru su wuce a ce mata ba su da kan kwamfuta.

Da yamma ana tashi daga aji Auta ta yi sauri ta dawo, jakarta ba nauyi. Ta gaida Baba, bai amsa ba. Yaya yana tsakar gida wandonsa a jiƙe, duro ya kai rabi, ya harare ta, ta wuce. Ta ɗauko ƙwaya da kofin ruwa ta durƙusa ta ajiye.

"Baba, sannu da hutawa, lokacin magani ya yi."

Bai dube ta ba. Ya miƙa hannu ya ɗauka.

"Jibi da aji," ta ce. "Zan je."